Sai na nemi izini kafin in sa wa gonata wuta? Amsa ga wani manomi a ƙasar Gumel

Wani bawan Allah daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ya aiko da tambaya. Ya ce ya gaji saura wadda ta shekara huɗu ba a noma ta ba, sabara da kalgo da busasshiyar ciyawa sun rufe ta, yana so ya sa mata wuta kafin ruwa ya faɗi. Maƙwabcinsa na gona ya ce masa yanzu sai da takardar izini, in ba haka ba kama mutum ake yi. Da ya tambayi dattawan garinsu kuma sai suka ce tun kaka da kakanni ba su taɓa jin an nemi takarda don sharar gona ba. Yana son ya san wa ke da gaskiya, ina ake karɓar izinin in akwai shi, kuma mene ne hukuncinsa in wutar ta ƙwace ta shiga gonar wani.

Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun ba ka ƙyasta ashana ba. Na yi shekaru masu yawa ina aikin gandun daji a wannan yanki namu, kuma akasarin waɗanda suka zo mini da irin wannan magana sun zo ne bayan an riga an tsaya a kan toka ana lissafin asara.

Maƙwabcinka bai yi maka ƙarya ba, dattawan ma ba su yi ba. Doka tana nan a rubuce. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, wato NESREA, a shekarar 2007, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan ƙona daji da cinna wuta a fili. Abin da ke cikinsu a taƙaice shi ne ba a yarda kowa ya ƙona daji ko ya yi wani abin da zai jawo gobarar daji ba sai da izini, kuma wanda ya saɓa zai iya fuskantar tara ko ɗauri ko duka biyun. Ƙa'idojin sun shafi Najeriya baki ɗaya, ba a cire Jigawa ko Kano ba, ba a kuma cire ƙauye ba. Abin da ya sa dattawanku ba su san da ita ba shi ne babu wani ma'aikaci da ke bin gonaki a watan Afrilu yana tambayar takarda. Ofisoshin hukumar suna manyan birane, Jigawa kuwa ƙananan hukumomi 27 ce, Kano 44, kowacce da ɗaruruwan ƙauyuka. Mutum zai iya tara shara ya ƙona shekara talatin ba wanda ya ce masa kanzil. Amma ranar da wutarsa ta taɓa kayan wani, a ranar dokar za ta farka, kuma tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ya gaya wa kafin ya kunna.

To sai dai ni a ganina wannan doka ta Abuja ba ita ce ta fi kusa da wuyanka ba. Akwai biyu da suka fi ta kusa, kuma da su ake yi wa mutanenmu shari'a kullum.

Ta farko ita ce dokar Final Kot, wato kundin hukunta laifuffuka, da kotunan majistare ke aiki da ita a Arewa tun 1960. A cikinta akwai laifin yin ɓarna da wuta, kuma ba sai an tabbatar ka yi niyyar cutar da wani ba, ya isa a nuna ka san mai yiwuwa ne abin da ka yi ya jawo ɓarna amma ka yi. In gida ko wurin ajiyar dukiya wutar ta ci, hukuncin ya fi tsanani. Akwai kuma laifin sakaci da abin da ke iya jefa rai ko dukiya cikin haɗari. Wannan shi ne ɓangaren 'yan sanda.

Ta biyu ita ce shari'ar Musulunci, wadda ita ce mafi yawanmu za mu tarar a gaban alƙali ko a zauren dagaci. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun gama wannan magana tun kafin a haifi NESREA da ɗaruruwan shekaru. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, inda ake jera abubuwan da ke wajabta wa mutum biyan ɓarna, an ambaci wanda ya hura wuta a ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi. Ko a cikin gonarsa ya hura, in ta tsallaka ta ci na wani, shi zai biya. Masu sharhi sun bayyana cewa in ya kunna a lokacin da iska ke kwance, a wurin da bisa al'ada ba a tsammanin wutar za ta kai ga kayan mutane, sai iska ta taso ba zato, to hukuncinsa daban ne. Ka lura da abin da wannan ke nufi a aikace. Alƙali zai tambayi lokacin da ka kunna, yadda iska take, nisan wutarka da kayan maƙwabci, ko ka share kewaye, ko ka tsaya a wurin. Kuma a ƙasarmu da wuya mutum ya ce iska ta zo masa ba zato, domin yaro ma ya san iskar hunturu tana tashi da hantsi, ya san guguwa tana yawo a gonaki da tsakar ranar bazara. Duk wannan yana ƙarƙashin hadisin nan da muka sani, cewa babu cuta babu cutarwa. In kuwa rai ya salwanta, Allah ya kiyaye, magana ta koma ta diyya.

Ni ganau ne ba jiyau ba. Wata shekara a cikin bazara aka kira mu wani ƙauye. Wani magidanci, mutumin kirki wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ya tara tushiyar dawa da ƙaya tsibi-tsibi a gonarsa ya sa wuta bayan hantsi. Da ya ga harshen wutar ya kwanta sai ya tafi gida don ya yi azahar ya dawo. Kafin ya idar da salla wata 'yar guguwa ta bi ta kan tsibi ɗaya, ta ɗebi garwashi ta watsa a cikin busasshiyar ciyawar da ke bakin iyaka. Daga nan wutar ta bi shingen gamba kamar an shimfiɗa mata hanya, ta hau wata bishiya da maƙwabci ya ɗora harawarsa ta shekara a kai, ta sauka ta kama dangar gidan gona, ta cinye rumbuna biyu. Da muka isa, abin da ban manta ba shi ne warin. Gero in ya ƙone a rumbu ba ya zama toka nan take, dunƙulewa yake yi ya yi baƙi yana hayaƙi daga ciki, kuma matar gidan tana durƙushe da ƙwarya tana tona gefen da bai gama ci ba ko za ta samu na tuwon dare. Akuya ɗaya da ke ɗaure a turke ba ta tsira ba. Mai wutar yana tsaye, hularsa a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa.

A zauren dagaci aka yi sulhu, ba a kai kotu ba. Aka ƙiyasta damman hatsi da harawa da dabba, aka raba masa biya kashi-kashi har kaka biyu, sai da ya sayar da saniyar nomansa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar da mai rumbunan ya yi. Ya ce da an gaya masa jiya, da ya sauke harawar ya kuma share bayan dangarsa, aikin da bai fi na rabin wuni ba.

Saboda haka in ka tambaye ni ina ake neman izini, zan ce ka faro daga ƙasa. Ka je wurin mai unguwa ka gaya masa ranar da kake so da kuma wurin. Shi ya san iyakokin gonaki, ya san wanda bai kwashe kararsa ba, ya san inda Fulani suka sauka a bana. In saurar babba ce, kamar yadda na fahimta daga tambayarka, ku je tare wurin dagaci, ko bulama in ƙasar da ake kiransa haka ce. Sau da yawa dagaci da hakimi suna da sanarwar da aka aiko musu daga masarauta ko ƙaramar hukuma game da ƙona daji a wannan shekara, wadda kai ba ka ji ba saboda ranar da aka yi shela kana kasuwa. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi hannu a harkar bunƙasa noma da albarkatun ƙasa da kuma kwashe shara, kuma majalisunsu suna da ikon yin ƙananan dokoki na yankinsu. Shi ya sa abin da aka ƙyale a wannan ƙaramar hukuma zai iya zama an hana a ta kusa da ita. Kada ka yi aiki da abin da ɗan'uwanka na wata ƙasar ya gaya maka.

Daga nan sai sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen aikin gona, ka nemi malamin daji. Ka tafi da 'yar takarda a rubuce, ko da Hausa ce, ko da ajami. Ka sa sunanka da garinku, inda gonar take da girmanta, abin da za ka ƙona, rana da lokaci, sunayen waɗanda kuke iyaka da su gabas da yamma, kudu da arewa, da adadin mutanen da za su tsaya maka. Mai unguwa ya sa hannu. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Malamin daji shi zai duba ya ga ko abin naka ƙaramin aiki ne da za a gama a nan, ko kuwa girmansa da kusancinsa da dajin gwamnati sun sa sai an sanar da Ma'aikatar Muhalli ta jiha ko ofishin NESREA. In ya ce zai zo ya ga wurin, ka yi murna, domin idon wanda ya saba da wuta yana hango abin da mai gona ba ya gani. In an ce ka biya wani abu, ka nemi rasit. Kuɗin da ba rasit ba izini ka saya ba, kuma ranar da magana ta tashi ba wanda zai tuna ka ba shi.

Ka riƙe wannan da kyau: takardar ba ta ɗauke maka biyan ɓarna. In kana da izini a aljihu amma ka kunna a cikin iska ka tafi, za ka biya. Amfaninta shi ne ta zama shaida cewa ba a ɓoye ka yi ba, ka sanar, ka yi shiri. A gaban alƙali wannan ne ke raba mai sakaci da wanda ƙaddara ta faɗa wa.

Akwai wuraren da ko dagaci ba shi da ikon ba ka izini. Gandun daji na gwamnati, da layukan bishiyoyin da aka dasa don tare iska da hamada a arewacin Jigawa, da dashen shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi wanda aka kafa wa hukuma a 2015 kuma Jigawa da Kano suna cikin jihohi 11 da yake aiki a cikinsu, da makiyaya, da burtali, da bakin mashaya. Haka dajin Baturiya a ƙasar Haɗeja da na Falgore a kudancin Kano. In ka taɓa ganin ma'aikata sun sa wuta a gandun daji a ƙarshen damina, wannan aiki ne na daban. Ana yi ne tun ciyawa da sauran ɗanyenta, don wutar ta yi sanyi ta rage abin da zai ci da ƙarfi in rani ya tsananta, kuma bisa tsari ake yi. Ba hujja ba ce ga mai gonar da ke gefe. In saurarka tana iyaka da ɗaya daga cikin waɗannan wurare, kada ka kunna ko tsibi ɗaya sai malamin daji yana tsaye. Bishiyar da aka yi shekara goma ana raino, wuta ta minti goma ta isa ta gama da ita.

Ita kuwa wutar farauta, wadda samari ke sa wa daji don su kori gafiya da zomo, ba ta da izini a ko'ina, kuma a iya abin da na gani ita ce ta fi kowace wuta ɓarna, don mai ita ba ya tsayawa, yana bin nama ne. Iyaye da sarakunan baka su ja wa yara kunne.

Kada ka manta da Fulani. Wannan shi ne abin da manomi ya fi mantawa kuma shi ya fi jawo fitina. Busasshiyar ciyawar da kake gani shara ce, a wurin makiyayi abincin watan Afrilu da Mayu ce, lokacin da saniya ke tafiya ƙashin haƙarƙarinta a waje. Ka aika wa arɗo ko ka je rugar da kanka ka ce, rana kaza zan share saurata, in kuna so ku shigo da dabbobi kafin nan. Za ka ci riba uku a tafiya ɗaya. Shanu za su rage maka abin da wuta za ta ci, su bar maka kashi a gona, kuma ka samu mutanen da in hayaƙi ya tashi za su zo da gudu su taya ka maimakon su zo da fushi. Jigawa har hukumar sasanta manoma da makiyaya gare ta, amma gara maganarka ta ƙare a gindin bishiya da gaisuwa. Masu ƙona karan gonarsu da gangan bayan girbi don kada dabbar wani ta ci, wallahi ba na ganin hikimar abin. Sun hana makiyayi, sun hana ƙasarsu, sun kuma shuka gaba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ba ka tambaya ba, don ba zan iya yin shiru a kai ba. Ina roƙonka kada ka sa wa saurar nan wuta gaba ɗayanta, ko da an ba ka izini.

Ƙasarmu rairayi ce, sunan jihar Jigawa ma daga nan ya fito. Abin da ke riƙe ruwa da taki a cikin irin wannan ƙasa shi ne ruɓaɓɓen ganye da ciyawa da saiwa, kuma ɗan kaɗan ne gare mu. Shekara huɗun da gonarka ta yi tana hutawa, abin da ta yi ta tarawa ke nan. In ka ƙona, sinadarin naitirojin, wanda shi ne kake saye da tsada a buhun yuriya, yana bin hayaƙi ya tafi sama. Abin da ke saura a toka, irin su fotash, yana da amfani, shi ya sa inda aka ƙona tsibi dawa kan yi duhu a shekarar farko har mutum ya ce wuta taki ce. Amma tokar ba ta da nauyi. Tsakanin ranar da ka ƙona da ranar da ruwa zai sauka, iskar bazara za ta kwashe rabonka ta kai wa wani. Sannan ƙasar ta zauna tsirara a rana mai zafin da ke haura digiri 40, ruwan farko mai ƙarfi ya zo ya daki fuskarta ya wanke. Gara da tsutsotsin ƙasa da ke jan ciyawa ciki suna buɗe wa ruwa hanya, su ma ka hana su abinci.

Sai bishiyoyi. Ka shiga saurar nan da safe ka duba a hankali, na tabbata za ka samu 'ya'yan gawo da aduwa da magarya, wataƙila har da kanya, waɗanda suka fito da kansu a shekarun nan, wasu ba su kai gwiwa ba. Gawo kuwa ka san darajarsa. Yana zubar da ganye da damina lokacin da amfanin gona ke son rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke son inuwa, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau. Ba ka dasa ba, ba ka yi ban ruwa ba, Allah ya ba ka kyauta. Wuta ɗaya za ta kashe su duka. Ita kuwa sabarar da kake son ka rabu da ita, wuta ba ta kashe ta, saman kawai take ci, da ruwa ya sauka za ta tofo daga gindi kamar ba a yi ba. Wato za ka kashe abin da kake buƙata ka bar abin da ya dame ka. Manoman Maraɗi da Damagaram, nan ƙetaren iyaka kusa da ku, sun daɗe da gane wannan. Suna sassabe su bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kowane gindi su riƙa gyara su, kuma gonakinsu da suka zama fili a da yanzu sun cika da itatuwa.

Abin da zan yi in gonata ce shi ne in sa adda da gatari in yi sassabe. Itacen da ya yi kauri ya tafi gida don girki, ko a sayar. Ƙaya ta tafi shinge. Ganyen sabara da kalgo a bar shi ya zube a gona. Ciyawa dabbobi su ci, abin da suka bari a bar shi a kwance ko a zuba a rami da kashin dabbobi a yi takin gargajiya. Abin da ya rage wanda ba shi da wani amfani, shi ne za a tara a ƙona, kuma za ka ga bai taka kara ya karya ba. Ban ce wuta ba ta da wurinta ba. Ƙuduji da aka tuge bayan ya yi fure, ƙona shi ya fi, don 'ya'yansa ƙanana ne kamar ƙura kuma suna shekaru a ƙasa suna jira. Haka shukar da cuta ta kama, da karan da tsutsa ta yi wa gida ta kwana a ciki tana jiran damina. Waɗannan a tara su wuri ɗaya a ƙona, malamin gona ma haka zai ce maka.

In ranar ƙonawa ta zo, tsibin ya zama ƙanana, a tsakiyar gona, nesa da iyaka, nesa da gindin bishiya, nesa da turakun lantarki da bakin titi. Hayaƙin da ya rufe wa direba ido a hanya shi ma ɓarna ce da za a iya tambayarka. Kowane tsibi a share kewayensa da fartanya har sai an ga ƙasa tsura, kamar taku huɗu ko biyar, in akwai doguwar ciyawa a kusa a ƙara. Wasu abokan aikina sun fi son yamma, don iska na kwanciya kuma sanyin dare na taimakawa. Ni na fi son bayan sallar asuba, saboda na san halinmu, da an kira magariba kowa zai kama hanyar gida ya bar garwashi ya kwana shi kaɗai. Da asuba iska a kwance take, kuma kana da haske. Sharaɗin shi ne ka gama ka kashe kafin hantsi ya ɗaga. In ka tashi ka ga ganyen bishiya yana kaɗawa tun da sassafe, ko ka watsa ƙasa sama ka ga ta yi gefe, ka fasa, gobe ma rana ce. A tsakiyar hunturu kuwa, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 har leɓe na tsagewa, ban yarda a kunna komai a gona ba.

Kada ka je kai kaɗai, kuma yara ba sa cikin lissafi. Manya uku ko huɗu, kowa da shebur ko fartanya da ɗanyen reshe na bugun wuta, da jarkokin ruwa a kusa. Famfon feshi da aka wanke aka cika da ruwa yana aiki sosai a kan wutar ciyawa. Ka kunna daga gefen da iska ta nufa, yadda wutar za ta riƙa ci tana fuskantar iska, a hankali take tafiya in an yi haka. Tsibi ɗaya ya mutu kafin a kunna na biyu. In an gama, a tona tokar da shebur, a yayyafa ruwa, a rufe da ƙasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka ba shi labarin wani gida da ya ƙone da dare a Madina, cewa ya yi wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta.

Sharar gida kuwa maganarta gajeriya ce. Leda da roba da tsohuwar taya da katifa ba a ƙona su, hayaƙinsu guba ne, kuma mai asma da jariri da tsoho su ke fara shan wahala. Duba-gari yana da ikon ya hana ka in hayaƙinka ya dami maƙwabta. Mafi muni su ne robobin maganin feshi. Kada a ƙona su, kada a zuba ruwan sha ko mai a ciki. A ɗauraye sau uku a juye ruwan a cikin famfon feshi, a huda su, a tambayi malamin gona inda za a kai. Masu noman shinkafa a Kura da Bunkure da Auyo, waɗanda ke gaggawar share fili don shukar alkama, su ma wannan doka ta 2011 ta hau kansu, ga shi kuma abin da suke ƙonawa masu kiwo da kuɗi suke nemansa.

In duk da haka wuta ta ƙwace maka, kada kunya ko tsoro su sa ka tsaya kana fama kai kaɗai. Ka yi kururuwa, a buga waya gari, a fara da fitar da mutane da kwance dabbobin da ke ɗaure. Kada a tari gaban wuta, a bi ta gefe ana bugu ana zuba ƙasa, wasu su yi gaba can nesa su share hanya. A kira 112 ko 'yan kwana-kwana, amma ka san motarsu daga nesa za ta taso, mutanen gari su ne za su yi aikin. In ta mutu, ka riga kowa zuwa wurin mai unguwa ka faɗi abin da ya faru da bakinka. A kira dattawa da malamin gona su ƙiyasta ɓarnar tun tana sabuwa, a rubuta, kowa ya sa hannu. Na ga mutanen da aka yafe wa rabin abin da ke kansu saboda sun zo da kansu, na kuma ga wanda ya yi musu har ƙaramar magana ta kai shi gaban alƙali.

Abu ɗaya da ya rage game da irin gonarka: saura mai shekara huɗu ba ta rasa tsofaffin kututtura da busasshen kashin shanu. Waɗannan biyun suna riƙe wuta a ciki ba hayaƙi ba alama, kututture ma yakan bi saiwa ya ci a ƙarƙashin ƙasa kwana biyu ko uku. Kafin ka kunna, ka kwashe kashin daga kusa da tsibi ka watsa a gona, kuma kada ka tara shara a kan kututture don ka huta da tono. Washegari da safe ka koma, ka bi wuraren da ka ƙona ɗaya bayan ɗaya, ka kara bayan hannunka kusa da tokar. Inda ka ji ɗumi, ka tona ka zuba ruwa, ka sake komawa jibi.